Tabarau Mai Hawa-hawa ko Kontak: Zaɓin Wanda Ya Haura Arba'in

Hannu ne yake fara sanin cewa ido ya soma sauyawa. Mutum zai ɗauki waya don ya karanta saƙo, sai ya tsinci kansa ya miƙa ta can gaba ba da niyya ba. Tela yana kai zare ga kafar allura yana kuskurewa, abin da a da yake yi yana hira. Uwargida ta ja farantin shinkafar da take tsincewa zuwa bakin ƙofa, inda haske ya fi yawa. Mai tilawa bayan asuba ya fara cigiyar Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. Wannan hali yakan kunno kai tsakanin shekara 40 da 45, kuma ba ya ƙyale kowa, da wanda ya taɓa ciwon ido da wanda bai taɓa ba. Girma ne ya iso ido.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, faɗinsa bai fi milimita 10 ba, yana rataye da wasu siraran zaruruwa da suka haɗa shi da tsokar da ta kewaye shi. Idan mutum ya dubi abu na kusa, tsokar takan tsuke, zaruruwan su saki, madubin ya yi tudu, ƙarfinsa ya ƙaru. Idan ya ɗaga kai ya hangi nesa, sai madubin ya koma ya baje. Masanin nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ya bayyana wannan aiki a 1855, sannan likitan ido ɗan ƙasar Holand, Franciscus Donders, ya auna yadda yake raguwa da shekaru, ya wallafa a 1864. Madubin ba ya zubar da tsofaffin ƙwayoyinsa, sababbi ne ke ta taruwa a kan na da tun daga haihuwa. Don haka kullum ƙara kauri yake yi yana ƙara tauri, har ta kai tsokar ta yi iya yinta amma ya ƙi lanƙwasuwa. Da diyofta ake auna ƙarfin gilashi. Diyofta 1 yana kai gani ga abin da ke nisan mita 1, diyofta 2.5 kuma ga abin da ke nisan santimita 40, inda galibi ake riƙe littafi. Yaro ɗan shekara 10 yana da ajiyar kusan diyofta 14, shi ya sa yake iya karatu littafi na taɓa masa hanci. A shekara 45 abin da ya rage bai wuce 3 zuwa 4 ba, kuma ido ba ya jure aiki da duk abin da ya mallaka na tsawon lokaci. Daga nan ne ciwon goshi da nauyin ido na yamma suke fitowa. Bayan shekara 55 ajiyar takan sauko kusan 1.

Na tsaya a kan wannan bayani ne saboda maganar da ake yawan yi cewa tabarau yana cinye ido, wai da ka fara sawa ba ka ƙara rabuwa da shi, lambar ma sai hawa take yi. Lambar tana hawa, gaskiya ne, amma da tabarau da babu haka za ta hau, domin madubin ciki ne ke ci gaba da taurinsa. Wanda ya ƙi sawa babu abin da ya tsira da shi sai wahala, wahalar kuma har aljihu take taɓawa. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a shekarar 2015 mutum biliyan 1.8 ne ke da wannan raunin gani na kusa a duniya, miliyan 826 daga cikinsu ba su da tabaran da ya dace. A jihar Assam ta Indiya an gwada bai wa masu tsinkar ganyen shayi tabaran karatu, sai abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100, na waɗanda suka haura shekara 50 kuwa da kusan kashi 32.

Wanda ganinsa na nesa lafiya lau yake, kusa ne kawai ya gagare shi, sau da yawa tabaran karatu mai lamba ɗaya ya ishe shi, har irin wanda ake bazawa a tebur a kasuwa. Ya saka ya yi karatunsa, ya cire ya mayar aljihu. Tambayar da ke gabanmu ta wasu mutane ce daban. Akwai wanda tun ƙuruciya yake sa tabarau ko kontak don ganin nesa, yanzu kuma kusa ya zo da tasa buƙatar. Akwai kuma wanda aikinsa bai ba shi damar saka-da-cirewa ba: malamin makaranta da idonsa ke kai-kawo tsakanin allo da rajista da ɗaliban ƙarshen aji, ma'aikaciyar jinya da za ta karanta lambar sirinji ta kuma lura da majinyacin gado na can, liman a kan mumbari yana duba takardar huɗuba yana duban jama'a, direba tsakanin titi da agogon mota. Irin waɗannan su ne ake cewa su zaɓa tsakanin tabarau mai hawa-hawa, wanda masu shagon tabarau ke kira furogiresib, da ɗan gilashin nan mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, wato kontak.

Kafin a zo ga zaɓi, a fara da cikakken awon ido, har ga mai sayen tabaran teburin kasuwar nan. Shekarun da ganin kusa ke raguwa su ne kuma shekarun da hawan jinin ido ke soma ɓarna, ciwon da ke cin jijiyar gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kusan mutum 5 cikin kowane 100 masu shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da shi, mafi yawansu ba su ma sani ba. Tabaran kasuwa zai fito maka da rubutu tas, ciwon yana nan yana aikinsa. Asibitoci irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano suna wannan awo, haka ma sassan ido na asibitocin koyarwa. Mai ciwon suga kuma ya fara daidaita sugansa tukuna, domin hawa da saukarsa suna sauya lambar ido, gilashin da aka yanka a makon da suga ya hau ba zai yi amfani ba idan ya sauka.

Dabarar haɗa nesa da kusa a gilashi ɗaya tsohuwa ce. Ana jingina ta ga Benjamin Franklin na Amurka, wanda a wajajen 1784 ya bayyana yadda ya sa aka raba gilasai biyu aka haɗa rabi da rabi a firem guda, sama na nesa, ƙasa na kusa. Wannan shi ne tabarau mai gida biyu da muka saba gani a fuskar dattawa, mai ɗan layi a tsakiya. Yana aiki har gobe, sai dai yana da naƙasu biyu. Abu yakan yi tsalle idan ido ya ƙetare layin, sannan babu gurbin matsakaicin nisa, inda fuskar kwamfuta da kantar shago da fuskar abokin hira suke. Injiniyan Faransa Bernard Maitenaz ne ya fito da gilashi mai hawa-hawa na farko da ya karɓu a kasuwa, mai suna Varilux, a 1959. A cikinsa ƙarfi yana ƙaruwa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa, babu layi, babu tsalle. Kowane nisa yana da wurinsa a jikin gilashin.

Amma ba duk faɗin gilashin ne ake gani da kyau ta cikinsa ba, kuma wannan shi ne abin da masu sayarwa ba su cika tsayawa su yi bayani ba. Wurin da gani yake garau yana da siffar kalangu: faɗi a sama, siririn ƙugu a tsakiya, sannan ya sake ɗan buɗewa a ƙasa. Hagu da dama na ƙugun nan gani dishi-dishi yake, layukan da suke miƙe sukan ɗan karkace. Ba kuskuren masana'anta ba ne. Tun 1963 wani masanin lissafi Bajamushe mai suna Minkwitz ya tabbatar da cewa duk gilashin da ƙarfinsa ke sauyawa a jere haka, dole gurɓacewa ta taru a gefensa, kuma saurin taruwarta ninki biyu ne na saurin sauyawar ƙarfin. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, gwargwadon girman ƙarin da aka yi masa na kusa, wato lambar da ake rubutawa a gurbin ADD a takardar awo, gwargwadon ƙuncin ƙugun. Haka nan idan firem ɗin gajere ne daga sama zuwa ƙasa, dole a matse hawan cikin ɗan wuri, gefen ya ƙara lalacewa. Tun wajajen shekarar 2000 ake sassaƙa irin wannan gilashi da kwamfuta daidai da idon mai shi, kuma masu tsadar sun fi iya tura gurɓacewar zuwa inda ido bai cika zuwa ba. Turawa suke yi, babu wanda ya kawar da ita.

Shi ya sa kwanakin farko suke da wuya. Mutum ya juya kai da sauri, sai ya ga bango yana lilo. Ya dubi ƙasa zai sauka daga matakala, sai ƙafarsa ta faɗo ta gurbin karatu, wanda aka yi don santimita 40, matakalar ta yi dishi-dishi ta kuma zama kamar ta taso. Wani yakan ji jiri, wani tashin zuciya. Ido ya shekara arba'in yana yawonsa shi kaɗai, yanzu an ce sai kai ya riƙa raka shi. Abin da za a duba a fuskance shi da hanci, kada a saci kallonsa ta gefe. Idan rubutu bai fito ba, a ɗaga haɓa ko a sauke ta kaɗan-kaɗan har ya fito. Wajen karatu ido ne ke sauka, kai yana nan. Wajen matakala, ko tsallake kwata, ko saukowa daga dandamalin masallaci, kai ne gaba ɗaya ke sunkuyawa, don a kalli ƙasa ta saman gilashin. Yawancin mutane suna sabawa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, wasu sai sun kai wata, da sharaɗin a saka shi tun da safe a yini da shi. Wanda yake komawa ga tsohon tabaransa duk lokacin da ya gaji, kullum daga farko yake sake farawa. Tuƙi, musamman na dare, a bari sai lilon ya lafa. Kuma wanda ya fara tun yana shekara 43 ko 45, lokacin da ƙarin bai wuce +1.00 ko +1.25 ba, ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda ya jira sai da ya kai 58 aka ɗora masa +2.50 rana ɗaya.

Sai dai ina da yaƙinin cewa da yawa daga waɗanda suka jefa irin wannan tabarau a durowa suna cewa bai karɓe su ba, awo ne ya cuce su. Ƙugun kalangun nan faɗinsa 'yan milimitoci ne, dole kuma ya faɗo daidai gaban kowane ido. Idan aka kauce da milimita 2, ido ɗaya yana cikin hanya, ɗayan yana gefe, kuma babu haƙurin da zai gyara wannan. A shagon da aka san aiki, sai an fara zaɓar firem an lanƙwasa shi ya zauna daram a fuska, sannan mai awo ya zauna daidai tsayin mai saye, ido cikin ido. Za ka ji yana cewa, "Hajiya, ki zauna yadda kika saba zama, kada ki ɗaga haɓa, ki dubi nan." Ya sa alƙalami ya ɗiga ɗigo a kan gilashin gwaji daidai tsakiyar baƙin kowane ido, ya auna nisan kowanne daga karan hanci daban, domin fuska ba ta cika zama daidai wa daida ba, ya kuma auna tsayin ɗigon daga gindin firem. Mai sa hijabi ko ɗaurin kallabi da ke bi ta kan kunne, ko mai naɗa rawani, a auna shi a yadda yake yini, domin ƙafar tabarau idan ta hau kan ƙyalle takan sauya yadda gilashin ke fuskantar ido. Duk wanda aka karɓi takardar awonsa aka ce ya nuna firem a cikin kwaba ya dawo jibi, ba a ɗiga masa komai ba, to ya karɓi takardarsa ya nemi wani shagon. Aike ma ba ya yi a nan, ba a ba ɗa ko ƙane saƙon irin wannan tabarau daga wani gari. Gilashi mai matsakaicin kuɗi da aka zaunar daidai ya fi mafi tsada da aka zaunar a karkace. Idan mako biyu suka wuce ba a saba ba, a koma. A jikin kowane gilashi mai hawa-hawa akwai wasu 'yan alamu biyu da aka zana, ba a ganinsu sai an ɗaga shi ga haske, kuma da su mai awo zai sake gano inda hanyar take ya gwada da inda ido yake.

Akwai ayyukan da ko an auna daidai bai dace da su ba. Mai yini a gaban kwamfuta yakan ɗage kai yana neman gurbin tsakiya, wuya ya riƙe. Irinsa gara ya sauke allon ƙasa kaɗan, ko a yi masa na ofis, wanda aka faɗaɗa tsakiya da kusa aka rage nesa. Makanike da ke kwance ƙarƙashin mota da mai gyaran wayar lantarki a silin suna buƙatar ganin kusa ta sama, inda gilashin ya ajiye nesa. Sai kuma tsofaffi. A Sidni ta Ostireliya, binciken Stephen Lord da abokan aikinsa na 2002 ya nuna cewa tsofaffi masu sa tabarau mai gida biyu ko mai hawa-hawa sun ninka waɗanda ba sa sawa yawan faɗuwa, musamman a waje da kan matakala. Gwajin da ya biyo baya a 2010 ya nuna cewa ba su tabarau na nesa zalla don fita ya rage faɗuwa ga masu yawan fita. Dattijon da bai taɓa sa irinsa ba, kuma ƙafarsa ta soma rauni, ban ga dalilin fara masa shi yanzu ba. Tabarau biyu, na fita da na karatu, sun fi masa aminci, ballantana a unguwannin da hanya ba ta da lafiya.

Kontak ya zo da alƙawarin da ke da daɗin ji: babu firem, babu lilo, babu gefen da ya gurɓace, domin gilashin yana bin ido duk inda ya juya. Adolf Fick ya gwada na gilashin gaske a Zurik a 1888, amma sai da Otto Wichterle na Cekoslobakiya ya ƙera mai laushi a 1961, aka kuma amince da sayar da shi a Amurka a 1971, sannan ya zama abin kowa. To amma wannan bin ido da yake yi shi ne matsalarsa ga mai shekara 45. Tun da yana tafiya tare da ido, babu sama babu ƙasa da za a raba wa nesa da kusa. Sai aka ɓullo ta hanya biyu.

Ta farko ita ce a raba aikin tsakanin idanu: idon da ya fi rinjaye a ba shi nesa, ɗayan a ba shi kusa, ƙwaƙwalwa ta koyi sauraron wanda ya dace ta yi watsi da ɗayan. Mutane da yawa suna sabawa, musamman idan bambancin bai wuce +1.50 ba. Abin da ake bayarwa a madadi shi ne tantance zurfi da tazara, wanda sai idanu biyu sun haɗu a kan abu ɗaya ake samunsa. Ba ƙaramin abu ba ne. A watan Oktoban 1996 wani jirgin kamfanin Delta ya daki ƙarshen titin sauka a filin LaGuardia na birnin Niyok cikin ruwan sama da hazo, kuma hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ɗora babban dalilin a kan irin wannan kontak da matuƙin ke sanye da shi. Ba a rasa rai ba, amma dokar ƙasar ta hana matuƙa jirgi tashi da shi. Direban da ke tafiyar dare yana ƙiyasta tazarar tirela kafin ya wuce ta, ya yi tunani a kan wannan.

Hanya ta biyu ita ce kontak mai lamba da yawa, wanda aka jera ƙarfin nesa da na kusa zobe-zobe a tsakiyarsa. A nan hoto biyu ne ke shiga ido lokaci guda, ɗaya garau ɗaya dishi-dishi, ƙwaƙwalwa ta zaɓa. Da rana, ga haske, yana biyan buƙata: a ga titi, a ga waya, a ga farashi a jikin kaya. Amma hasken da aka raba biyu ba ya kai wanda aka tara wuri ɗaya kaifi. Baƙi ba ya cika baƙi, ƙananan rubutu na jikin kwalbar magani yakan gagara, da dare kuma fitilun mota sukan yi kewaye. Yadda zai yi aiki ya danganta da girman 'yar kafar da ke tsakiyar baƙin ido, ita kuwa ƙanƙancewa take yi da shekaru, shi ya sa akan gwada iri biyu ko uku kafin a dace. Wanda takardar awonsa ke da lamba mai yawa a gurbin CYL zaɓinsa ya fi ƙaranci, kuɗinsa ya fi yawa.

Akwai wani abu da ke ba masu gajeren gani mamaki, wato waɗanda lambarsu ke da alamar ɗebewa. Idan suna sa tabarau, da kusa ya fara wuya sai su cire shi ko su leƙa ta ƙarƙashinsa su karanta tas, domin idonsu dama na kusa ne. Da kontak wannan rangwame ya tafi, ba a cire shi don a karanta saƙo ɗaya. Ƙari a kan haka, idon mai gajeren gani ya fi yin aiki wajen duban kusa idan gilashin yana manne da shi fiye da idan yana kan hanci. Don haka mai sa kontak yakan riga sa'ansa mai tabarau jin alamun girma.

Amma inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne maganar hawaye da ruwa. Kontak a kan hawaye yake zaune. Da shekaru hawaye yana raguwa, maiƙon da ke hana shi bushewa, wanda ke fitowa daga bakin fatar ido, shi ma yana raguwa, abin ya fi tsananta ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Kallon waya da kwamfuta yana rage ƙiftawa. Ga fanka, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga hunturu da ke busar da leɓe ya cika iska da ƙura tun daga Nuwamba har Fabrairu. Wadda ta shekara ashirin tana sa kontak lafiya sai ta ga yanzu kafin la'asar idon ya yi ja, yana mata kamar da yashi. Kwalli da ake ja a cikin bakin fatar ido yana bi ta kan kafofin maiƙon nan, ɓurɓushinsa kuma yana manne wa gilashin.

Ruwa kuwa abokin gaba ne. Ba a wanke kontak ko gidansa da ruwan famfo, balle na rijiya, ko randa, ko jarkar 'yan garuwa, ko da tsabtatacce ne a ido har ana sha. A cikin irin wannan ruwa akwai wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba, wadda ba ta damun mai sha, amma idan ta maƙale tsakanin gilashi da tantanin baƙin ido takan haddasa gyambo mai azabar zafi da ake wata da watanni ana magani. Akwai kuma ƙwayar cutar sudomonas, da ke iya lalata tantanin cikin kwana ɗaya ko biyu. Bincike a Amurka da Ostireliya ya nuna cewa cikin mutum 10,000 masu sa kontak mai laushi da rana su cire da dare, 2 zuwa 4 ne ke kamuwa da gyambon ido a shekara. Masu kwana da shi kuwa kusan 20. Adadin ba shi da yawa, amma an same shi ne a inda ruwan wankin gilashi ke kowane kanti, likitan ido kuma yana kusa. Mai alwala sau biyar a rana dole ya riƙa rufe ido sosai wajen wanke fuska, ya cire gilashin kafin wanka, kada kuma ya taɓa shi sai hannu ya bushe sarai bayan sabulu. Wanda ake sawa yini ɗaya a yar, da ya fito a tsakiyar shekarun 1990, ya raba mutum da wanki da ajiya, shi ya fi aminci, shi ya kuma fi cin kuɗi, kuɗin da ke bin dala tun da daga waje ake kawo shi. Haɗarin yana nan ne a ranar da aljihu ya yi ƙasa, mutum ya ce bari in ƙara kwana biyu da na jiya. Masu launi da ake saka wa amare a wajen kwalliya ba tare da awo ba, wani lokaci ma a cire wa wannan a saka wa waccan, wannan ganganci ne da ido. Duk mai kontak da ya ji zafi, ko ya ga ja, ko haske ya fara damunsa, ya cire nan take ya ga likita a ranar, kada ya ɗiga komai daga kemis.

Idan aka ɗora biyun a sikeli, abin da na gani shi ne kowanne yana karɓar wani abu kafin ya bayar. Mai hawa-hawa yana karɓar faɗin gani, ya tilasta wa kai motsi, amma inda ya nuna yana nunawa da kaifi, kuma idan bai karɓi mutum ba asararsa kuɗi ce da mako biyu na jiri. Kontak yana mayar da faɗin ya karɓi kaifi, ya kuma ɗora wa mutum hidimar tsabta ta kowace rana, wadda sakaci da ita kan iya tafiya da ido. Saboda haka wanda bai taɓa sa kontak ba har ya kai 45, kuma kunyar a gan shi da tabarau ce kawai ke tura shi, ba na ba shi shawarar farawa. Ko ɗora shi a ɗan yatsa a gane ciki da bai sai da ganin kusa, wanda shi ne ya tafi. Mai ciwon suga ma ya yi taka-tsantsan, domin tantanin idonsa ba ya saurin jin ciwo, ba ya kuma saurin warkewa.

Akwai dai waɗanda kontak ya fi musu alheri da gaske, kuma bai kamata a tsorata su ba: mai lamba babba ƙwarai da tabarau ke ƙanƙanta masa duniya, wanda lambar idanunsa biyu ta yi nisa da juna har tabarau ke haɗa masa hoto biyu marasa girma ɗaya, wanda tantanin idonsa ya yi tsini sai kontak mai tauri ke daidaita shi, da mai wasan motsa jiki. Su da tsofaffin masu sawa, hanyar da ta fi sauƙi sau da yawa ita ce su bar kontak ɗinsu na nesa yadda yake, su ɗora ɗan tabaran karatu a kai idan buƙata ta taso. Kaifin nesa bai ragu ba, na kusa ma haka. Wasu kuma sukan yini da mai hawa-hawa a ranakun aiki, su ajiye kontak na yini ɗaya don biki ko filin ƙwallo, su huta da shi gaba ɗaya idan hunturu ya kankama. Ko ma wanne aka zaɓa, mai kontak ba ya rabuwa da tabarau a gida, saboda dare da ranar da ido ya ƙi.

Ana maganar maganin ɗigawa, kuma akwai shi: a 2021 Amurka ta amince da wani mai sinadarin filokafin, wanda ke tsuke kafar ido na 'yan sa'o'i don kusa ya fito, sai dai yana rage gani a duhu, wasu kuma yana sa musu ciwon kai. Tiyatar sauya madubin ciki da na roba mai lamba da yawa ta fi dacewa da wanda yana ta riga ta kama shi, za a cire madubin dama.

Lambar kusa za ta ci gaba da hawa, daga +1.00 a farkon shekarun arba'in zuwa wajen +2.00 a hamsin da 'yan kai, ta tsaya kusa da +2.50 a wajajen sittin. Don haka duk shekara biyu a koma awo, a kuma sa ran sauya gilashi sau uku ko huɗu kafin ta tsaya. Wanda aka fara masa da rabon aiki tsakanin idanu yana 44 yana iya ganin dabarar ta daina yi masa yana 54, tun da bambancin ya yi yawa. Idan kuwa dattijo ya wayi gari yana karatu ba tabarau, gida ana murna ido ya dawo, a kai shi asibiti: sau da yawa yana ce ta fara taurara tsakiyar madubin ta mayar da idon na kusa, ko kuma suga ne ya hau.